Makullin da Baba Modu Direba Bai Miƙa Ba

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar mahaifina, Modu Direba. Duk shekara idan watan ya zagayo, ƙannena sukan bugo waya daga Kano da Damaturu, mu yi masa addu'a, mu yi dariyar yadda yake faɗa idan aka cika masa sukari a shayi, sannan kowa ya koma harkarsa. Bana na ce zan rubuta. Ni malamar firamare ce, allo da alli na sani, ban saba da shafin jarida ba. Abin da ya tura ni shi ne wata ajiya da ya bar mini, da wata ƙarya da na yi masa kwana huɗu kafin ya cika. Na ɗauki su biyun tsawon shekarun nan, kuma sai bana na sauke.

Yaran da nake koyarwa a Maiduguri ba su taɓa jin kukan jirgin ƙasa a garinsu ba, don haka bari in fara da abin da Baba yake tuƙawa. Akwai wasu kawunan jirgi masu koren fenti da dogon hanci, waɗanda suka gaji masu cin kwal tun Baba yana ɗan koyo. Mutanen gari suna ce musu jirgin gas, kuma babu sunan da ke ɓata masa rai kamar wannan. Da ya ji, sai ya ajiye kofin shayi ya buɗe darasi. Gas ɗin janareto kawai yake juyawa, janareto ya ba da wuta, wutar ce ke juya ƙafafun. “Jirgin lantarki ne,” in ji shi, “gidan wutarsa yana cikin cikinsa.” Mun sha wannan darasi har mun haddace, kuma baƙon da ya yi kuskuren tambaya sai shayinsa ya huce.

Su ne suka yi ta jan fasinja tsakanin nan da kudu tsawon ƙuruciyata. Ɗaliban makarantun kwana da akwatunansu na ƙarfe, mata masu kai turaren wuta Jos da Kafanchan, fataken da suka ɗauro banda daga kasuwar kifi ta Baga Road. Baba yakan dawo gida kakinsa yana ƙaurin kifi da baƙin mai, mahaifiyarmu ta kifa shi a kan kasko ta turara shi har sau biyu, tana mita. Daga baya injinan suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya kwanta sai a cire kayansa a ɗora wa ɗan'uwansa, har aka wayi gari saura kaɗan ke motsi. Cikin waɗanda suka rage akwai wadda direbobi suka sa wa suna Hajja, saboda ba ta tashi da safe sai ta yi tari ta yi nishi, amma idan ta miƙe ba ta barin mutum a daji.

Ma'aikatan jirgi suna da wata al'ada da suke kira handoba, wato miƙa inji daga hannun direba zuwa hannun direba. Kowane inji yana da makulli na tagulla, tsawonsa bai wuce taƙi ɗaya ba. Shi ake zurawa a zaɓi gaba ko baya, kuma idan babu shi inji ba ya motsi ko da yana ruri. Ba a ajiye makullin a tebur, ba a aika shi. Wanda ya kawo inji shi ke riƙe da makullin har ranar da za ta fita, domin direbobi kamar mace suke ɗaukar inji. Ran nan direbobin biyu su tsaya a gabanta, su zagaye ta da ƙafa, daga dama suke farawa. Mai karɓa ya yi tambaya huɗu: mai, ruwa, birki, da yashin da ake zuba wa dogo idan ƙafa tana santsi. Sannan ya yi ta biyar, wadda ita ce mai nauyi: me ke damunta? A nan dole ka faɗi komai, har laifin da kai ka yi da hannunka, domin abin da ka ɓoye shi zai kashe ɗan'uwanka da fasinjansa a gangare. Idan an gama, ka sa masa makulli a tafin hannu, shi kuma ya ce, “Na karɓa, je ka huta.” Muddin ba ka ji waɗannan kalmomi ba, kana bakin aiki ko kana kwance a ɗakinka.

Baba ya kwaso wannan al'ada ya shigo da ita gida. Ko keke zai ara wa maƙwabci sai ya faɗa masa birkin baya yana da wasa. Ranar ɗaurin aurena ya ja waliyyin mijina gefe ya ce masa, “Tana da gaskiya, tana da tsabta, amma kanta tauri ne da shi, kuma idan ta yi fushi ba ta cin abinci. Kada ku ce ban faɗa ba.” Labarin ya iso mini kafin la'asar, na yi mako ban yi masa magana ba. Har yau dangin mijina suna tsokanata da shi, kuma ban taɓa iya cewa ya yi mini ƙarya ba.

Abokin handobarsa na shekaru da yawa shi ne Baba Yakubu, ɗan ƙabilar Babur daga wajen Biu, maƙwabcinmu a kwatas ɗin ma'aikata. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, kuma 'yarsa Rifkatu ita ce ƙawata tun muna rarrafe. Baba yana ce masa Fasto, alhali mawaƙin coci ne kawai. Shi kuma yana ce wa Baba Goni, alhali haddar Baba ba ta wuce izu biyar ba. Kullum cikin musu suke a kan wa ke wahalar da Hajja. Baba ya ce Yakubu yana taka birki kamar mai jin haushin dogo, Yakubu ya ce Baba yana lallaɓa ta har fasinja su tsufa a hanya.

Jirgin ya daɗe yana ciwo kafin ya mutu. Ya koma sau ɗaya a mako, ya koma sau ɗaya a wata, ya koma sai ranar da Allah ya yi. Tafiyar ƙarshe Baba ne ya kawo Hajja daga Gombe da 'yan taragu. Baba Yakubu ne zai fita da ita bayan kwana biyu. Sai saƙo ya zo cewa ruwa ya cinye wata kwalbati a hanya, a jira. Aka tura ta loko, inda ake ajiye injina, makulli yana aljihun Baba. Suka jira mako, suka jira wata, damina ta wuce ba a gyara ba. Suna cikin jiran ne gari ya rikice, kuma rikicin bai yi nisa da unguwarmu ba. Ba zan sake ba da labarin kwanakin nan ba. Duk wanda ya zauna a garin nan yana da nasa, wasu nasu ya fi nawa ɗaci.

Abin da zan faɗa shi ne safiyar da Baba Yakubu ya kwashe iyalinsa. Mun raka su tashar mota, Baba yana ɗauke da katifarsu a ka, ni da Rifkatu muna riƙe da hannun juna kamar yara, alhali kowaccenmu tana da goyo. Da aka gama ɗaure kaya, Baba ya zaro makulli daga aljihu ya miƙa.

“Fasto, karɓi abinka. Juti naka ne, kai ne da fita.”

Baba Yakubu ya mayar da hannuwansa baya. “Haba Goni. A tashar mota? Ina injin da za mu zagaya? Riƙe min. Wata biyu, uku, abin nan zai lafa, in dawo in karɓa a gabanta yadda ake yi.”

“To idan ba ka dawo ba fa?”

“In Ubangiji ya yarda zan dawo. Kai dai kada ka bari ruwa ya shige ta.”

Baba ya mayar da makulli aljihu, motar ta tashi. Na sha tunanin cewa da Baba Yakubu ya buɗe tafin hannunsa a ranar, da rayuwar mahaifina ta ƙarshe ta zama daban. Na ji haushinsa shekaru da yawa a kan haka. Yanzu na gane cewa idan ya karɓa, ya yarda ke nan ba zai sake ganin garin ba, kuma a ranar babu ɗayansu da zai iya yarda da wannan.

Mahaifiyarmu ta riga ta rasu kafin lokacin, don haka da kwatas ya watse sai na ɗauko Baba ya dawo gidana a Lamisula. Takardar ritaya ta same shi a can. Ya karanta ta, ya ninke, ya ce takarda ta sallame shi amma Yakubu bai sallame shi ba. Babu wanda ya tambaye shi makulli, domin babu wanda ya tuna da shi. Kowace safiya bayan ya sha shayi sai ya ɗauki tsumma da kwalbar baƙin mai ya kama hanyar loko da ƙafa. Batiran Hajja sun daɗe da mutuwa, ba ta ko tari. Goge ta yake yi, ya ɗiga mai a inda ya kamata, ya kori tsuntsayen da ke neman yin sheƙa, ya dawo kafin azahar. A hanya akwai shingayen bincike, a kowanne sai dattijo mai furfura ya ɗaga rigarsa sama ya juya. Wata rana aka ga ƙarfen a aljihunsa aka tsare shi a rana, har sai da ya yi wa masu tsaron darasin janareto tun daga farko. Ina jin gajiya ce ta sa suka sake shi.

Ni kuwa tsoro ya hana ni sukuni. Duk ƙarar da na ji daga wancan ɓangaren gari sai in bar aji in fito bakin ƙofar makaranta. Ƙannena suka yi ta aikowa a kawo musu shi Kano, ya ƙi. Na roƙe shi, na yi masa kuka, na haɗa shi da limamin unguwa. Har takalmansa na taɓa ɓoyewa, ya fita da silifas ɗin banɗaki. Ranar da haƙurina ya ƙare na tare shi a zaure.

“Baba, ƙarfe ne fa. Mataccen ƙarfe. Idan aka harbe ka a hanya, makullin ne zai yi maka salla?”

Bai ɗaga murya ba. Fero yake ce mini, wato 'yar yarinya da Barbarci, ko bayan na haifi huɗu. “Fero, na san ƙarfe ne. Mutum ya ce in riƙe masa, na ce to. Kina so ya dawo ya tambaye ni me ke damunta in ce ban sani ba?”

“Ba zai dawo ba.”

“Ke ya faɗa wa?”

Na matsa masa ya wuce. Ban ci abinci ba ranar, shi kuma da ya dawo ya leƙa kwanona ya ce ai dama ya gargaɗi mutane.

Abin da na kasa yi, hali ya yi. Aka rufe yankin gaba ɗaya, ba shiga ba fita. Aka katse layukan waya na tsawon watanni, kuma da suka dawo lambar Baba Yakubu ba ta sake shiga ba. Baba ya koma zaman tabarma a ƙofar gida yana kallon hanya. Bai yi shekara a haka ba ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Maganarsa ta yi nauyi, sai ka kai kunne kake ganewa. Makullin yana ƙarƙashin matashinsa, kuma idan na zo canza zanen gado sai ya riƙe shi da hannun da ke aiki har in gama.

Da aka buɗe hanyar, shi ya fara ji a bakin masu zuwa gaishe shi. Ya ce in je in dubo masa Hajja. Na hau keke mai ƙafa uku na je, karo na farko tun ina budurwa. Tun daga nesa na ji ƙaurin gas da ƙarar guduma. 'Yan gwangwan ne, masu sayen tsohon ƙarfe, da wutar yanka. Sun riga sun zare wayoyin jan ƙarfe sun tara gefe guda. Dogon hancin nan yana kwance a ƙasa, koren fentin ya ƙone ya yi baƙi a bakin yankan. Wani mai baƙin tabarau ya ce mini suna da takarda. Ban ce ya nuna mini ba. Na tsaya ina kallo har hayaƙi ya sa ni tari, sannan na juya. A hanya na sauka na zauna a gindin wata bishiyar dogon yaro na kusan awa guda, ina shirya abin da zan faɗa.

Na same shi idonsa a ƙofa. “Yaya Hajja?”

“Tana nan, Baba. Ƙura ce kawai.”

“Tamfol ɗin yana kan bututun hayaƙi?”

“Yana nan. A ɗaure.”

Ya daɗe yana kallon rufin ɗaki. Na ɗauka daɗi ya ji. Sannan ya ce in ɗaga matashi. Da na ɗauko makullin ya ce, “Ba ke na ba wa ba, ke ba direba ba ce. Ajiya ce. Ki kai wa Yakubu. Ki faɗa masa halin da take ciki, kada ki rage komai.” Na ce to. Bayan kwana huɗu ya cika, da rana, ana kiran azahar. Waɗanda suka yi masa salla ba su cika sahu biyu ba, domin a lokacin mutane suna gudun taro.

Na naɗe makullin a tsohuwar hularsa ta aiki na sa a ƙasan akwati. Gaskiyar magana ban nemi Baba Yakubu ba. Na ce wa kaina wataƙila ya rasu, na ce ƙasar da faɗi, na ce hidimar yara ta yi yawa. Dalilin ɗaya ne. Idan na same shi zai yi mini tambaya ta biyar, kuma ba yankan Hajja kaɗai zan faɗa ba, har da cewa mutumin da bai taɓa ɓoye wa kowa lahanin keke ba, 'yarsa ta sallame shi daga duniya da ƙarya. Wasu sun ce mini ai jinƙai ne, kowa haka zai yi wa mara lafiya. Na ji, amma ba su san gidan da na tashi ba.

A shekarun nan nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Gari ya cika ya tumbatsa da mutanen da aka koro daga ƙauyukansu, unguwanni sun tsiro a inda muka sani gonaki. Shingaye sun ragu, kasuwar Kwastam tana ci har yamma, yara suna zuwa makaranta ba a ɗaga musu riga. Wannan zai faranta masa. An ce akwai sababbin jirage tsakanin Abuja da Kaduna masu sanyi a ciki, ana sayen tikiti ta waya. An ce a Legas har akwai wanda ke shan wuta kai tsaye ba tare da janareto a cikinsa ba. Na san zai so ya gani, kuma na san tambayar da zai fara yi wa direban ita ce yadda suke handoba. Mu kuwa a nan dogon yana kwance, ciyawa ta rufe shi, a wasu wurare an shimfiɗa kasuwa a kansa. Duk kakar zaɓe sai a ce jirgi zai dawo. Mai zuwa Gombe har yanzu sai ya shiga mota ya yi ta addu'a. Ina jin wannan ne zai sa ya yi shiru, irin shirun da yake yi idan abu ya fi ƙarfin faɗa.

Ambaliyar da ta ci garin nan bara ita ta tashe ni. Da ruwa ya shigo gidanmu, abu biyu na ɗauka na ɗora a ka, takardun makarantar yara da hular nan mai makulli. Muna tafe cikin ruwa har ƙugu mijina ya dube ni ya ce, “Kin bar gwal ɗinki kin ɗauko ƙarfen da ba naki ba.” Da gaskiyarsa, ba nawa ba ne. Na yi tunanin da ruwan ya tafi da ni, da ajiyar ta bi ni, babu wanda ya san ta waye. Da muka koma gida na yi wa wata abokiyar aikina magana, Babur ce ita ma. Ta yi cigiya a cocinsu, cigiya ta bi baki zuwa baki, bayan 'yan makonni wayata ta yi ƙara na ji muryar Rifkatu. Muka gaisa, na tambaye ta mahaifinta. Baba Yakubu yana raye a Jos, idanunsa sun kusa tafiya. Ta ce ya ji rasuwar Baba bayan shekara biyu, ya rufe kansa a ɗaki ya ƙi cin abinci. Na ce zan kawo masa ajiyarsa har gida. Na ji muryarsa daga nesa yana cewa ta faɗa mini ba a handoba a falo.

Sai bana jikinsa ya ba shi dama. Rifkatu ta kawo shi, kwana biyu suna hanya. Ya tsufa ƙwarai, yana dogara sanda, amma da na durƙusa na gaishe shi ya shafa kaina ya ce, “Mai taurin kai, kina nan?” Washegari da hantsi muka tafi loko mu uku. Mai gadi ya bar mu muka shiga. Rufin ya tafi, awaki suna kiwo tsakanin layuka, wasu iyalai sun shanya wanki a jikin wani tsohon tarago da suka mayar ɗaki. Na nuna masa inda na ga Hajja ta ƙarshe, kusa da ginshiƙin tankin ruwa. Babu komai a wurin sai dogo biyu da ciyawa. Ya taɓa dogon da sandarsa, ya gyara tsayuwa, ya ce in tsaya a hagunsa inda Baba ke tsayawa. Muka fara zagayawa daga dama. Bai yanke hanya ba, ya bi tsawonta duka kamar tana nan, har yana kauce wa inda matakalar hawa take.

“Mai?” in ji shi.

“Babu, Baba.”

“Ruwa?”

“Babu.”

“Birki? Yashi?”

“Babu ko ɗaya.”

Muka dawo inda muka fara. Ya juyo da fuskarsa wajen muryata. “Me ke damunta?”

Na faɗa masa. Batiran da suka mutu, shekarun da Baba ya yi yana goge ta, rufe hanya, 'yan gwangwan, hancin da na gani a ƙasa. Sannan na ce akwai laifin da ni na yi. Na ba shi labarin ranar, kalma bayan kalma, har tambayar tamfol da amsar da na bayar. Ban rage komai ba.

Sai ya ce, “Tamfol ya ce miki?”

“E.”

“'Yata, Goni bai taɓa rufe bututu da tamfol ba. Tamfol yana riƙe raɓa, tsatsa ta ci ƙarfe. Ni ne mai tamfol, shekara ashirin muna faɗa a kai. Shi tsohon kwano yake kifawa ya ɗora dutse.”

Na zauna a kan dogo. Ashe ya sani. Tun kafin in rufe baki ya san Hajja ta tafi, ya san 'yarsa ta yi masa ƙarya, ya kalli rufin ɗaki ya haɗiye su biyun. Kwana huɗu ina ba shi kunu a baki yana ce mini sannu. Na yi kukan da ban yi ba ranar jana'izarsa. Da na samu numfashi na ce, “To me ya sa bai ce komai ba?”

“Ya ga kin kasa faɗa masa,” in ji Baba Yakubu, “sai ya aiko ki inda za ki iya faɗa. Tashi ki ba ni abina.”

Na tashi na warware hular. Ya miƙo tafin hannu, na sa masa makullin. Ya shafa shi da babban yatsa tun daga kai har ƙarshe, ya juya wajen da babu komai sai ciyawa, ya ce da murya irin ta aiki, “Na karɓa. Modu, je ka huta.” Ban taɓa jin ya kira Baba da sunansa ba sai ranar. Sannan ya laluba ya kama hannuna ya ce, “Ke ma.”

A cikin keke muna komawa Rifkatu ta tambaye shi wa zai miƙa wa shi kuma. Ya ce direban ƙarshe ba ya miƙa wa kowa, a sa masa a aljihun rigar da za a binne shi da ita.

Idan na duba abin da ya rage na mahaifina, ba shi da yawa. Injinan da ya ƙare ƙuruciyarsa a cikinsu ban san ko ɗaya da ya tsira ba, wataƙila an narkar da su sun zama rodin gini. Kwatas ɗin da muka tashi wasu ne a ciki. Hoto ɗaya muke da shi, yana leƙowa ta tagar Hajja, shi ma ruwa ya taɓa gefensa. Bai bar gida ba, bai bar gona ba. Tambayar nan ta biyar ya bari, kuma na ga tana aiki. A ƙarshen zangon da ya wuce aka canza mini aji. Na zaunar da malamar da za ta gaje ni na faɗa mata komai, har darussan lissafin da na tsallake saboda ni kaina ban iya su sosai ba. Ta dube ni kamar na zautu. Ban bar ofishin ba sai da na sa ta ce ta karɓa.

Hular tana nan a ƙasan akwati, babu komai a cikinta, kuma har yanzu hannuna yakan kai wurin idan ina neman zane. Allah ya jiƙan Modu Direba, ya yafe masa, ya yafe mini abin da shi ya riga ya yafe tun ina tsaye a gabansa. Wanda ya karanta wannan ya sa shi a addu'a, ya sa Baba Yakubu ma, Allah ya ba shi sauƙin idanu. Shekara goma sha ɗaya mahaifina yana kwance a maƙabarta yana bakin aiki. Bana aka sallame shi.